Yaro ya san maganar, baki ya ƙi fitar da ita: Abin da ya kamata ku sani

"Zai yi, nauyin baki ne kawai. Ubansa ma sai da ya kusa shekara huɗu." Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi ko Tsanyawa ya taɓa jin wannan magana a bakin wata tsohuwa, kuma sau da yawa ita ce da gaskiya. Yara da yawa kan makara, rana guda baki ya buɗe, har a koma ana roƙonsu su yi shiru.

Amma akwai yaron da jira ba ya yi masa komai. Ya cika uku, ya shiga ta huɗu. Ko daga zaure aka kira shi zai taho da gudu. Ka ce ya ɗauko buta a gindin rumbu, buta zai kawo maka, ba kwano ba. Ya san akuyarsu a cikin awakin unguwa. Wayo kam akwai shi, sai an zo magana abu ya tsaya. Zai ce "tuwo", yau ta fito "uwo", gobe "dowo", jibi ka ga yana ta motsa leɓe yana laluben inda zai ajiye harshe, har ya gaji ya nuna tukunya da yatsa. Abin da ya fi ɗaure wa iyaye kai, wata rana cikin wasa kalmar za ta fito tsaf, amma da an ce "maimaita Baba ya ji", shi ke nan ta ɓace. Daga nan ake fara cewa da gangan yake yi, tunda ga shi jiya ya faɗa.

Wannan lalura tana da suna. Likitocin Amurka suna ce mata afraksiyar magana ta yara, na Ingila kuma sun daɗe suna kiranta disfiraksiya. Da Hausa sai mu ce tangarɗar tsara furuci. Wata ƙwararriyar mai gyaran magana a Ingila, Muriel Morley, tana cikin waɗanda suka fara bayyana ta tun a shekarun 1950. Ƙiyasin da masana suka fi ambata, wanda aka yi a Amurka, shi ne yaro 1 zuwa 2 cikin 1,000, kuma an fi ganinta ga maza. Ba ta da yawa ke nan. Sai dai a ƙasa irin tamu, inda ƙauye ke hango ƙauye kuma gida ɗaya kan tara yara ashirin, yaro dubu ba wani nisa ba ne.

Magana aiki ne na sassa da yawa a lokaci guda. Kafin "tuwo" ta fito, sai huhu ya turo iska, kan harshe ya taɓa bayan haƙoran sama ya saki, leɓɓa su tattaru, maƙogwaro ya san lokacin da zai kaɗa da lokacin da zai yi shiru, duk cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ƙwaƙwalwa ce ke tsara wa kowane sashe lokacin shigarsa da iyakar tafiyarsa. Ku tuna mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Kowace da ƙarfinta, taɓare lafiya lau, gero yana nan, amma in lokacin saukewa ya kuɓuce musu sai taɓare su riƙa karo, daka ya tsaya. Haka bakin wannan yaro yake. Tsokar harshe da ta leɓe ba su shanye ba, shi ya sa yake shan rake yana gaigayar ƙuli-ƙuli ba wata matsala. Kalmar ma tana nan a kansa. Jerin motsin ne ba ya zuwa daidai, kuma wanda ya samu yau ba ya zauna masa zuwa gobe.

A 2007 ƙungiyar masu gyaran magana da ji ta Amurka ta fitar da alamomi uku da har yau aka fi dogara da su. Ta farko, rashin tsayawa a kuskure ɗaya. Yaro mai tsamin baki na yau da kullum yana da ƙa'idarsa: in "tare" yake cewa maimakon "kare", kullum haka zai ce, mutanen gida ma sun haddace. Wannan kuwa kuskurensa yawo yake, ko wasula ba su tsira ba. Ta biyu, wahalar tsallakawa daga gaɓa zuwa gaɓa. "Ma" ita kaɗai za ta fito, "ka" ma haka, amma "makaranta" sai ta kakkarye a hanya, kuma kalma na ƙara tsawo abin na ƙara rikicewa. Ta uku ita ce karin magana, wato hawa da saukar murya, da inda ake ja da inda ake taƙaitawa. Wannan ta ukun ta fi yi mana nauyi fiye da Bature, domin a Hausa da kari da tsawon wasali ake raba kalma da kalma. Garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, jan wasali ne tsakaninsu. Kuka na hawaye da kuka ta miya, saukar murya ce ta raba su. Yaron da ya samu baƙaƙen daidai amma kari ya kuɓuce masa, har yanzu baƙo zai ce masa "me ka ce?"

Iyaye da yawa in suka waiwaya sukan tuna cewa tun yana jariri shiru-shiru ne, ba ya yawan gwarancin nan na "ba-ba-ba" da "da-da-da" da jarirai kan yi kafin su shekara. Yawancin yara kan furta kalmar farko wajen shekara 1, su fara haɗa kalma biyu wajen shekara 2, kusan lokacin yaye ke nan. Tabbatar da wannan lalura kuwa yana da wuya kafin shekara 3, domin sai yaro ya kai ga ƙoƙarin kwaikwayon abin da aka faɗa masa kafin gwani ya ga yadda bakinsa ke aiki. Taimako dai ba ya jiran a tabbatar.

Kafin kowa ya ɗora wa ɗansa wannan suna, a fara da kunne. A yankinmu sanƙarau, da ƙyanda, da shawara mai tsanani a makon haihuwa, da kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa, duk suna rage wa yara ji. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996 a Kano ya san yaran da suka tashi daga ciwon amma ji bai dawo ba. Kuma raguwar ji ba lallai ta kai ga kurumta ba. Yaro na iya jin ƙarar babur da faɗuwar kwano, amma bambancin "sa" da "sha" ba ya isa kunnensa. Don haka tafi a bayan ƙeyarsa ba gwaji ba ne. Da na'ura ake aunawa, ba zafi, ko jariri ana yi masa.

Sauran abubuwan da ake rikitawa da ita ba su da wuyar rabewa ga mai lura. Mai in'ina ya iya furta sautin, maƙalewa yake yi ko maimaitawa. Yaron da wahalar haihuwa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har tsoka ta yi rauni, za a ga yawu na dalala, tauna da haɗiya na ba shi wuya, maganar tana fitowa a ja, kullum iri ɗaya. Wanda ba ya haɗa ido da mutane, ba ya nuna abu da yatsa, bai damu da shiga cikin yara ba, shi kuma wani bincike yake bukata, ko da yake wani lokaci lalurorin kan haɗu a yaro ɗaya. Amma ga wanda ba a kwana da shi a gida: yaron da yake magana sarai sai ta ɗauke masa farat ɗaya, ko bayan zazzaɓi mai zafi da jijjiga. Asibiti a ranar, musamman in mai sikila ne, domin shanyewar ɓarin jiki tana kama yara masu sikila tun suna ƙanana.

To me ke kawo ta? Ga yawancin yara ba a gano takamaiman dalili. Wasu tana zuwa tare da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kamar wasu nau'o'in farfaɗiya. Wasu kuma daga ƙwayoyin gado ne. A Landan akwai wani dangi da masana ke kira KE don sakaya sunansu, mutum kusan 30 daga kaka zuwa jikoki, kusan rabinsu da wannan matsala. An fara rubuta labarinsu a 1990, sai a 2001 masu bincike a Jami'ar Oxford, cikinsu har da Simon Fisher da Anthony Monaco, suka gano sauyi a ƙwayar gado guda da ake kira FOXP2. A 2020 wasu masana a Melbourne ta Ostireliya suka duba yara masu lalurar mai tsanani, suka sami sauyin ƙwayar gado a kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin lura a nan, yawancin sauye-sauyen a jikin yaron suka fara, babu su ga uwa, babu ga uba. Ke nan zancen "a danginku aka kwaso" sau da yawa ba shi da tushe, balle a ɗora wa kishiya ko maye. Kuma gidan da ake Fulatanci da Hausa tare kada su zargi kansu, harshe biyu ba ya haifar da ita.

Yanzu zancen aska. Da yaro ya makara, shawarar da ta fi saurin zuwa ita ce a kira wanzami ya duba linzami, ko a ce ai beli ne ba a cire da kyau ba. Linzami gaskiya ne, akwai jariran da zaren ƙarƙashin harshe ke ɗaure su har kama nono ya yi musu wuya, kuma likita kan saki irin wannan. Amma yaron da ke iya zaro harshe ya wuce leɓe, ya lashe miya a gefen baki, ya ɗaga shi ya taɓa ganɗa, ba abin da ya ɗaure shi. In an yanka, an yanka inda ciwon ba ya nan. Beli kuwa ba ruwansa da wannan matsala ko kaɗan. Abin da ake samu shi ne zubar jini, da haɗarin cutar sarƙe-haƙora ko ciwon hanta in askar ba ta da tsabta, sannan yaro ya koma tsoron duk wanda ya ce masa "buɗe bakinka", alhali da wannan bakin za a yi aikin gyara. Ba ƙwaya, ba allura, ba garin magani da ke buɗe irin wannan baki, kome daɗin bakin mai talla da lasifika. Addu'a kuwa ba ta karo da neman magani. Kowa ya san Annabi Musa (AS) ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, yana nan a Suratu Ɗaha. A yi addu'a, a sha rubutu in an saba. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a turnuƙe yaro da hayaƙi ko a yi masa bulala da sunan korar iska.

Hanyar asibiti takan fara daga na kusa, ko babban asibitin Ɗambatta ko na Bichi, a karɓi takardar turawa zuwa Kano. A can, sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ko na Asibitin Murtala a cikin birni, nan ne za a fara tambayar awon ji, likitan yara kuma ya duba sauran jiki. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Bayan awon ji sai a tambayi mai gyaran magana. Masu wannan sana'a ƙalilan ne a Najeriya, yawancinsu kuma a manyan birane suke, don haka in Allah Ya haɗa ku da ɗaya kada a yi zuwan banza. Yaro irin wannan da ya ga baƙon wuri da farar riga yakan kulle bakinsa gam. A ɗauke shi bidiyo a waya tun a gida, yana wasa, yana faɗin kalma ɗaya sau uku ko huɗu. A tafi da wadda ta san yadda haihuwarsa ta kasance da ciwukan da ya yi. A kuma faɗa wa gwanin gaskiya: daga ƙauye muke, ba za mu iya zuwa kowane mako ba, koya mana abin da za mu yi a gida. In kuɗin mota ya gagara a tsakiyar damina, a sa tafiyar cikin lissafin kaka, da an sayar da gyaɗa ko wake. Aikin gida kuwa a fara shi yau.

Dalilin da ya sa na nace a kan gida shi ne abin da bincike ya nuna. A 2015 masana a Jami'ar Sydney suka gwada hanyoyin gyara biyu, tasu da wata ta cibiyar Nuffield da ke Landan, a kan yara 26 'yan shekara 4 zuwa 12. Kowane yaro ya yi zama 12 na awa guda, kwana 4 a mako, har mako 3, kuma hanyoyin biyu duk sun yi amfani. Ga ƙananan yara masu lalura mai tsanani kuma an fi amfani da hanyar da Edythe Strand ta asibitin Mayo a Amurka ta tsara, wadda ginshiƙinta shi ne yaro ya kalli bakin mai koyarwa, ya saurara, su faɗa tare. Hanyoyin sun bambanta, amma sun haɗu a abu ɗaya: motsi ake koya wa baki, motsi kuwa sai da maimaici mai yawa, kusa da kusa. Zama ɗaya a wata ba ya wadatarwa. Ba magidancin da zai iya ɗaukar yaro daga Kunchi zuwa Kano kwana huɗu a mako. Amma gidan da ke da kaka da goggo da yayye, yana da abin da iyali da yawa a Turai ba su da shi, wato bakuna da yawa da lokaci.

Ga yadda zaman yake. A zaɓi kalmomi kamar biyar da yaron ke bukata kullum, waɗanda aka gina da sautukan da ya riga ya iya. In yana da "b" da "m" da "n", to ga "Baba", "Inna", "ba ni", "nono", "a'a". "Ruwa" ta jira tukuna, "r" ba abin wasa ba ce. Da hantsi, an watse gona, gida ya yi shiru, kaka ta zaunar da shi a tabarma gwiwa da gwiwa, yadda fuskarta za ta zo daidai da tasa, da 'yar gyaɗa a tafin hannunta.

"Maigida, kalli bakina. Baa nii. To, mu faɗa tare."

Su faɗa tare, a hankali, tana ɗan jan wasalin amma ba ta ɓata karin kalmar, kuma ba ta yanka ta harafi-harafi. Ya ce "aa ni". Ba za ta ce "ba haka ba ne" ta tsaya nan ba, don wannan bai gaya masa abin da zai gyara ba.

"Saura kaɗan. Leɓenka bai haɗu ba. Ga nawa, ka gani? Haɗa su."

Ta ɗora yatsa a nata leɓen, su sake. Da ya yi ƙoƙari ta ba shi gyaɗar, ko bai cika daidai ba, domin ba a horon yaro da yunwa. In ta fara zama masa, sai kaka ta rage murya, bakinta kawai ke motsi shi yana faɗa. Daga nan ta faɗa ya bi bayanta. Daga nan ta faɗa ta ɗan dakata kafin ya faɗa. A ƙarshe ta tambaya kawai, "Me za ka ce?" Duk inda ya kakare, ta koma matakin baya su faɗa tare, ba faɗa ba tsaki. In kalmar ta zauna, a juya ta: da murya sama, da raɗa, da sigar tambaya, da wasa. Sannan a fita da ita daga tabarma, ya faɗa wa Baba da yamma, ya faɗa wa mai shago. Minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, kalmar ta fito sau ashirin ko talatin a zama, ya fi awa guda ranar Juma'a. In ya gaji a tashi. Madubi ko kyamarar waya na taimaka masa ya ga bakinsa kusa da na mai koyarwa.

Hura balan-balan, da busa usur, da lasar zuma don wai a ƙarfafa harshe, bincike bai nuna suna gyara magana ba. Harshen ba rauni gare shi ba. Magana da magana ake koyonta.

Wa zai riƙe wannan aiki? Nan al'adarmu take shigowa ta fuska biyu. In ɗan fari ne, uwa tana alkunya, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna gaban surukai tana wasa da shi baki da baki. Ba sai an yi rigima da al'ada ba: kaka ko goggo ta karɓa, uwa ta yi nata a ɗaka. Sannan yaron da ya wuni a goye yana jin murya amma ba ya ganin baki, wannan kuwa da ido yake koyo, don haka a riƙa sauke shi ana fuskantarsa. Akwai kuma yayar nan mai tausayi da ke gane duk abin da yake nufi, kafin ya buɗe baki ta ce "ruwa yake so". Ita ce tafintarsa, kuma ana bukatarta, amma a koya mata ta ɗan jira ya gwada tukuna.

Babban abin da ke rushe aikin shi ne dariya. Gidan yawa ba ya rasa mai kwaikwayo. Yau an kwaikwayi yadda ya ce "tuwo" an ƙyalƙyale, gobe an laƙaba masa Bebe, sunan ya bi shi har dandali. Wannan yaro yana gane komai, kuma ya san maganarsa ba ta fita kamar ta sauran. Abin da yakan biyo baya ɗayan biyu ne, ko ya daina gwadawa gaba ɗaya, ko ya koma cizo da jifa, a ce ga shi da baƙin hali kuma. Wasan kaka da jika da na taubasai duk a yi, amma a cire bakinsa daga ciki. Wannan hukunci ne da maigida zai yanke da bakinsa, a gaban kowa, manya da yara.

Wasu iyaye kan hana yaro nuni da hannu, wai kada ya saba ya ƙi magana. Bincike bai nuna nuni na hana magana ba. Abin da aka gani shi ne yaron da ke da hanyar isar da bukatarsa ya fi natsuwa, ya fi yarda ya gwada da baki. Mu kuwa ba baƙin abin ba ne. Maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa harshe ne mai zaman kansa, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kansa a Kano ta wallafa littafi a 2000. A ari alamomin ci, sha, zo, ciwo, ban-ɗaki, a riƙa yinsu tare da furta kalmar. Sai dai a tuna shi mai ji ne. Makarantar Tudun Maliki a Kano tana yi wa kurame da makafi aiki, amma wannan yaro wurinsa firamaren garinsu, cikin masu magana. Dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haɗa da ilimi. Rashin fitar magana ba hujjar mayar da yaro gida ba ce.

Uba ya taka da kansa ya ga malamin aji da malamin allo, ya yi musu bayani: yana ji, yana ganewa, bakin ne ke ba shi wuya. A zaunar da shi gaba. Kada a tashe shi karatu gaban aji ba shiri, a bar shi ya amsa da nuni ko rubutu in ya kakare. Yara masu wannan lalura sun fi sauran haɗarin samun wahalar karatu da rubutu, don haka a fara nuna masa haruffa da wuri, a sa ido. A makarantar allo akwai abin da ya dace da shi sosai, wato biyawa tare da malam, a hankali, ana maimaitawa. Inda ake samun matsala shi ne ranar da aka ce ya kawo hadda shi kaɗai, ya kakare, bulala ta sauka. Gafarta Malam, wannan ba ƙin karatu ba ne, kuma tsoro ƙara ɗaure masa baki yake yi.

Abu ɗaya kuma da zan faɗa ba kwana-kwana: yaron da bai iya faɗin sunansa da na ubansa da na garinsu yadda baƙo zai gane ba, kada a tura shi almajiranci wani gari. Ya yi karatunsa a gaban iyayensa. Ko kasuwar Ɗambatta za a shiga da shi ranar Lahadi, a sa masa takarda mai lambar waya a aljihu. Yarinya mai irin wannan lalura kuma kada a ɗora mata talla ita kaɗai, domin in wani ya cuce ta ba ta da bakin kai ƙara.

Lalurar ba ta tafiya da kanta don yaro ya girma, kuma gyaranta aikin shekaru ne, ba na watanni ba. Amma yara da yawa da suka samu horo mai ɗorewa sukan kai ga magana da kowa zai gane, ko da dogayen kalmomi sun ci gaba da yi musu tuntuɓe, musamman in sun gaji ko hankalinsu ya tashi. Wanda aka fara da wuri ya fi samun sauƙi, amma ɗan shekara goma ma bai makara ba.

Ma'aikatan lafiya da ke bi gida-gida don rigakafi, da ungozomomi, da masu unguwanni, ku ne kuke shiga inda gwani ba zai taɓa zuwa ba. Ku ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda kuka saba yi: yaron nan yana magana? In ya wuce shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ya kai 3 amma in ba 'yan gida ba ba mai gane shi, ku ce a kai shi a auna masa kunne kafin a aika kiran wanzami.